Wake Uku a Cikin Gora

Da sunan Allah na fara, Shi da ya ba ni baki ya hana ni alƙalami. Takwarata Rakiya, ɗiyar babbanku, ita ke riƙe da biki, alƙalamin nan na zamani, tana rubutawa, ni ina zaune bisa tabarmata ina faɗi, kuma na ja mata kunne kada ta gyara mini magana ta maida ta irin ta 'yan lakwal, masu karatun boko. Na riga na ba ku labarin yadda aka kawo ni Madarumfa da yadda na haife ku. Yau zancen gona ne. Na daɗe ina jin ana cewa a gidan nan an cuci uwarku ranar rabon gandu, an tura ta ƙarshen layi don tana mace kuma mijinta na ƙasa. Tun kuna faɗi a bayan idona har kuka fara faɗi gabana. To ku buɗe kunnuwanku. Ni ba a tura ni ba. Duk Madarumfa ba a haifi wanda zai tura ni inda ban yi niyya ba.

Abin da ya sa na ce sai an rubuta shi ne, bana babbanku, ɗan farina da ba na kama sunanshi, ya zo mini daga Ɗan Issa da wata magana. Fadamar bakin tafki, wadda ta faɗa hannun Garba ƙanen babanku ranar rabo, yanzu ta yi daraja. Ila ɗan Garba ya sa injin ban-ruwa, yana fidda zogale da tumatir rani da damina, motoci na zuwa daga Maraɗi suna ɗauka. Babba ya ce zai kai magana gaban Sarki a sake rabo, don na farko ba a yi shi bisa gaskiya ba. Duk waɗanda suka zauna a wurin ran nan sun riga mu gidan gaskiya, ni kaɗai na rage. Abin da yake so a wurina kalma ɗaya ce, in je in ce an danne ni. In na faɗa, gidan nan da gidan Garba sun rabu ke nan, gidajen da tun kafin a haife ku tukunyarsu ɗaya ranar suna da ranar makoki. In ban faɗa ba, ɗana zai tafi yana ganin na zaɓi 'ya'yan wani na bar nawa.

Ga yadda abin ya faru. Babanku ya rasu gero na fidda kai, bai ci sabon tuwo ba. Lokacin tsohonsu ya riga ya rasu amma ba a raba gandu ba, su uku suna noma tare: Yaya Mamman babbansu, babanku a tsakiya, Garba autansu. Da na fita takaba sai Yaya ya ce gandun da ya rasa hannu ɗaya ba ya ɗaurewa, gara kowa ya san nashi. Matan gidan an riga an fitar musu da rabonsu a gonar bayan gari da dabbobi. Abin da ya rage kashi uku ne, kuma ko makaho ya taka su ya san ba ɗaya suke ba. Akwai fadamar bakin tafki, baƙar ƙasa mai laima, ƙarama amma ba ta san yunwa ba. Akwai gonar gawo ta hanyar Safo, matsakaiciya, mai amana. Sai jigawa ta tudu, ta fi su faɗi nesa ba kusa ba, amma rairayi ne, in ba ka ba ta taki ba ko gaisuwa ba ta amsawa. Liman ya ce tunda kowa fadama yake so kuma ba ta rabuwa uku ta yi amfani, sai a jefa ƙuri'a. Yayana ya zo daga garinmu don ya tsaya muku. Na ce mishi ya zauna ya sha fura, bakin da ya yi muku waƙar raino shi zai yi muku magana. Na ɗauki tabarmata na shimfiɗa bakin zaure, maza na kallona, ina kallon su.

Yaya Mamman ya cire hularshi ya sa goro da tsakuwa da ƙwallon dabino. Ya ce goro fadama, tsakuwa gonar gawo, ƙwallo jigawa, kowa ya rufe ido ya sa hannu. Liman har ya ɗaga hannu zai yi addu'a, na ce a dakata.

"Yaya, ido za a rufe, to yatsa fa? Yatsa ma yana da ido. Ko jinjiri ya laluba ya san goro daga tsakuwa."

Garba, da yake ƙanen miji ne abokin wasana, ya ce matar marigayi dai ko a lahira sai ta ce a sake awo. Na ce mishi in mai awon kai ne, dole. Liman ya yi dariya ya ce maganata na kan hanya. Sai aka aika kiran Malam Bitrus, maƙwabcinmu Kirista mai yi wa mutane allura, don ba ya da jini da kowa a cikinmu kuma duk unguwa ba wanda ya taɓa kama shi da ƙarya. Matarshi Saratu aminiyata ce, daga ɗakinta aka ɗauko gora mai siririn wuya wadda ƙwaya ɗaya kawai ke fita bakinta, da wake uku masu girma ɗaya: ja, fari, da mai roɗi-roɗi. Ja fadama, fari gonar gawo, roɗi jigawa. Malam Bitrus zai girgiza, ya karkata bisa tafin mutum, abin da ya faɗo shi ne naka. Ba laluben kowa.

Na ɗauka an gama, ashe yanzu aka fara. Wa zai fara miƙa hannu? Yaya ya ce shi ne babba, tun da aka halicci duniya babba ke fara sa hannu a akushi. Garba ya ce ai wannan ba akushi ba ne, mai farawa yana samun ja na nan a ciki tabbas, na ƙarshe kuwa ragowa yake tararwa, kuma shi ya gaji da cin ragowa tun yana yaro. Magana ta hau. Aka tono zancen wani sa da aka sayar tun tsohonsu na da rai, aka tono zancen wanda ya yi jinyar uwarsu. Rana ta take, inuwar zaure ta janye ta bar ni a fili, kuna can cikin gida ba ku ci komai ba. Na ga Garba ya fara tattara rigarshi zai tashi, kuma na san in ya tashi ba ƙuri'a sai gaban alƙali, in aka je can kuwa marayu ne ke shan ƙasa. Sai na ce:

"Ni ce ta ƙarshe. Abin da kuka bari a gorar nan shi ne na 'ya'yana."

Yayana ya harare ni kamar ya haɗiye ni. Garba ya ji kunya ya zauna, ya ce to Yaya ya fara.

Ba zan yi muku ƙarya in ce na san hujja a ran nan ba. Abin da na sani, na yi shekaru ina shiga watanda, inda ake haɗa hannu a sayi sa a yanka a kasa nama tsibi-tsibi, a jefa ƙuri'a kowa ya ɗauki nashi. Na ga na farko ya tafi da ƙashi, na ga na ƙarshe ya tafi da hanta da tozo, na kuma ga akasin haka. Cikina ya ba ni cewa gora ba ta san babba ba, ba ta san na baya ba. Amma da an ce in bayyana dalili, da sai dai in ce rabo.

Malam Bitrus ya girgiza, ya karkata bisa hannun Yaya. Fari. Yaya ya dube shi ya ce alhamdulillahi da muryar wanda ya so wani abu daban. Ni kuwa zuciyata ta yi tsalle, don yanzu saura biyu a ciki, ko ni ko Garba. Na ga fadamar nan a idona, na ga ku kuna tsinkar yakuwa a bakin ruwa. Ya sake girgizawa, ya karkata bisa hannun Garba. Ja. Malam Bitrus ya zo gabana ya durƙusa, ya ce a hankali ko sai ya zuba, tunda an san abin da ya rage. Na ce ya zuba, ni ma hannu gare ni. Roɗi ya faɗo a tafina. Na ƙulle shi a bakin zanena, na naɗe tabarma, na gode wa kowa da sunanshi, na shiga gida. Sai da na kai bayan rumbu na yi kukana, kuma ba wanda ya gani sai akuya.

Jigawar nan ta sha gumina. Kada wani ya ce muku daga baya ta fi fadama. Ba ta fi ba, fadama ta fi, har gobe. Na kwashe tokar murhu da kashin awaki na unguwa duka, a ka nake kaiwa kafin mu samu amalanken jaki. Na roƙi Fulani su kwana da shanunsu a kanta da rani, ina kai musu fura. Waken roɗin nan na shuka shi a gindin wata sabara, ya yi, na ajiye iri, kuma irinshi ne kuke ci a ɗanwake har yau. Takwara ta ɗago kai tana murmushi wai anya ƙwaya ɗaya. Rubuta, yarinya, ba ke kika shuka ba. Garba, Allah ya jiƙanshi, bai taɓa cire albasa ko rogo bai aiko mana ba, kuma shekarar da fari ya ƙone tudu, daga rumbunshi muka ci har ruwa ya sauka. Amma akwai abin da jigawa ta ci wanda ba a mayarwa. Hannuna biyu ba su isa faɗinta ba, sai na fitar da babbanku daga lakwal yana tsakiyar son karatu, mushensu, malamin da ke koya musu, har gida ya zo yana roƙo na. 'Ya'yan Garba suka ci gaba da tafiya da jakunkunansu, shi yana wucewa da hauya. Tun daga nan, duk sanda zancen ya taso, sai ya ce da Inna ba ta sa kanta a ƙarshe ba. Ni kuma ba ni da amsa sai in ce rabo ne, shi kuwa kalmar nan ba ta taɓa ƙosar da shi ba.

To bana, kafin ya zo da zancen Sarki da 'yan kwanaki, Takwara ta dawo hutu daga babbar makaranta ta Maraɗi, inda take karatun ƙididdiga. Tana zaune gindin dalbejiya da kayenta, littafin da take rubutu a ciki, tana ta gunaguni ita kaɗai. Na ce me ake koya muku da ke sa mutum magana da iska? Ta ce jarrabawa ke gabanta kan wani lissafi, ta faɗi sunanshi da Faransanci, harshena ya ƙi ɗauka, sai ta ce in kira shi lissafin yiwuwa. Wai ana auna abin da bai faru ba tukuna, a ce kashi nawa ne zai faru, kashi nawa ba zai faru ba. Na ce wannan ai duba ne, a bar wa bokaye. Ta ce a'a tsohuwa, boka cewa yake ga abin da zai faru, su kuwa ba su san abin da zai faru ba, hanyoyin da abin zai iya bi suke ƙirgawa. Ta karanto mini tambayar da ke gabanta: buhu ne da ƙwallaye a ciki, ɗaya ja, mutane suna zara bi da bi ba a mayarwa, wa ya fi kusa da samun ja, na farko ko na ƙarshe? Na ajiye tsintsiyar da ke hannuna. Na ce ta maimaita. Ta maimaita. Na ce to wa ya fi? Ta ce ba wanda ya fi, duk ɗaya suke, in dai ƙwallayen ba a bambanta su da taɓawa kuma an girgiza da kyau. Na ce za ki iya nuna wannan a ƙasa, ba a takarda ba, yadda mai taurin kai zai gani? Ta ce wane mai taurin kai? Na ce ubanki.

Ran da ya zo, bayan an sauko Juma'a, na bar shi ya gama zancenshi tas. Sannan na sa aka ɗauko gora, na fiddo roɗi daga irina, aka samo ja da fari. Takwara ta so ta noƙe, wai ba ta iya ja da Baba. Na ce ba ja za ki yi ba, karatun da ya biya za ki nuna mishi. Ta durƙusa ta share ƙasa, ta jera wake layi-layi, kowane layi yadda ukun za su iya fitowa: ja, fari, roɗi, ja, roɗi, fari, haka har layi shida, ta ce ba wata hanya bayan waɗannan, kuma ba wadda gora ta fi so. Ta ce Baba ya duba inda ja yake. A layi biyu yana gaba, a biyu yana tsakiya, a biyu yana ƙarshe. Kowa biyu cikin shida, wato ɗaya cikin uku. Babba ya ce wannan wasan yara ne, lokacin da gora ta iso wurin Inna ba ta da zaɓi. Takwara ta sunkuyar da kai ta ce:

"Baba, ai na farkon ma ba shi da zaɓi. Hannu kawai ya miƙa."

Ta ƙara da cewa abin da ke ruɗar mutane shi ne, na farko na iya ɗauke ja, gaskiya ne, amma sau biyu cikin uku ba ya ɗaukewa, kuma duk sanda ya kuskure, rabon na baya hawa yake. Wato ran nan da farin wake ya fita, rabona ya tashi daga ɗaya cikin uku ya koma rabi. Na ce wallahi na ji hawan nan a ƙirjina tun ba a haifi uwarki ba, ban dai san yana da suna ba.

Bai yarda ba, kuma ban zarge shi ba, ciwon shekaru ba ya warkewa da zane a ƙasa. Na ce to a buga. Shi na farko, ƙanwarku Hajara a tsakiya, ni a ƙarshe inda na saba. Takwara na girgizawa, duk wanda ja ya faɗo wa a ajiye mishi tsakuwa, a maida wake a sake. Aka zuba, ja a hannun Babba. Aka sake, shi. Aka sake, shi kuma. Ya dube ni ya ce Inna kin gani ko. Takwara ta ce kaɗan ba ya nuna komai, sai an yi da yawa. Na ce girgiza, 'yar nema, ni da na jira shekarun nan ban gaji ba. Aka ci gaba. Ja ya zo wa Hajara, ya zo mini, ya sake zuwa mini, ya koma wurinshi. Maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga suna tambaya ko caca muka buɗe a gidan Hajiya. Can ja ya ƙaurace wa Babba, aka yi ta zubawa ba ya samu, har ya gyara zama ya ce yanzu kam dole nashi ne, ya daɗe bai ci ba. Takwara ta ce gora ba ta tuna abin da ya wuce, kowane zubi sabo ne, ɗaya cikin uku ne yanzu kamar yadda yake a farko. Aka zuba, ya faɗo wa Hajara, ta yi mishi gwalo da furfurarta.

Da aka kira la'asar muka tsaya. Tsibi uku na tsakuwa a gabanmu, in ka dube su daga tsaye ba ka ce ga babba ba. Babba ya ƙirga, nashi ya ɗara nawa da 'yan ƙwayoyi, na Hajara ya ɗara nashi. Takwara ta ce haka ake samu, ba sa zuwa daidai cif, amma in aka yi ta yi, rabon kowa kusantar kashi ɗaya cikin uku yake. Ya daɗe yana juya waken roɗin nan a tafinshi. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Da kin fara miƙa hannu, Inna, da wataƙila ja ya faɗo miki."

"Da wataƙila. Ɗaya cikin uku, kamar yadda na samu a ƙarshe. Ba wanda ya rage maka ko ƙwaya."

Ya ce shi ba fadamar ce ke cin shi ba, lakwal ce. Na ce na sani. Na ce wannan ba Garba ba ne, ba Ila ba ne, ba gora ba ce, ni ce na je na ɗauko ka, kuma da yau ce ga ƙannenka da yunwa, da na sake zuwa. In Sarki za ka kai wani, ni za ka kai. Na nuna mishi ɗiyarshi da ke tattara wake a ƙasa, na ce karatun da jigawa ta ci maka, ga shi nan ya tsiro, kai ka yi mishi taki da tuƙin mota. Ya tashi ya yi alwala ya tafi masallaci. Hajara ta ce mini daga baya a sahu ɗaya Babba ya tsaya da Ila, kuma tare suka fito. Zancen Sarki bai sake tasowa ba.

To ga abin da nake so ku riƙe. Ba a cuce ni ba, ƙuri'a ce ta ba ni jigawa, kuma ƙuri'a mai gaskiya tana iya ba ka abin da ba ka so ba tare da kowa ya zalunce ka ba. Kada in ji bayan raina wani ya taka gonar Ila da sunana. Jigawa kuma yanzu ba jigawar da ba ce, tana da gefe mai kyau wajen gawon da na yi wa raino, tana da gefen da har yau rairayi ne, kuma na san ranar rabonta za ku so ku yi irin ta iyayenku. Gorar na rataye a ɗakina, waken na ciki. Da Babba ya zo yi mini sallama zai koma Ɗan Issa, na faɗa mishi haka, na ce shi ne babba, shi zai tsara wanda zai fara. Ya tsaya bakin ƙofa yana sa takalmi, ya ce:

"A bar su Hajara su fara, Inna. Ni ne na ƙarshe."